Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Marubutan Labarai Na Sakkwato, Kabi Da Zamfara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwana marubuta, maza da mata, waɗanda suka girme ni da waɗanda na haifa, ina gaishe ku da aiki. Allah ya ƙara basira, ya sa alƙalaminku ya zama hujja gare ku ranar gobe. Mai karatu ce ke rubuto muku daga nan cikin birnin Shehu, wadda ta fara da littattafan da ake ba mu aro a makaranta, ta bi ta kan na kasuwa masu hoton fure a bango, yau kuma ga ta tana sa gilashi don ta karanta naku a waya.

Bari in fara da ba ku haƙƙinku. Ba na cikin masu raina littattafan soyayya. Na san matan aure da yawa da karatun boko ya tsaya musu a aji huɗu ko biyar, waɗannan littattafan ne suka riƙe musu karatu har ya zauna. Tun daga shekarun 1980 marubutan Kano, musamman mata irin su Balaraba Ramat Yakubu, suka fito da maganar auren dole da sakin wulaƙanci da hana 'ya mace ilimi a fili, a lokacin da manyan masu ilimi ke kau da kai. Wannan aiki ne, kuma an gode. Sai dai ni mai karatu na gaji, kuma na san ba ni kaɗai ba ce. Gidan nan na Abuja mai hawa uku na shige shi har na haddace ɗakunansa. Saurayin nan miskili da ya dawo daga Ingila, da 'yar talakan da ta mare shi ba ta san ko shi wane ne ba, da kishiyar da ke hanyar gidan boka, duk mun saba. In na koma wajen littattafan yaƙi kuma, sai in tarar da sadaukai masu sunayen da ba a taɓa raɗa wa kowa ba a ƙasar nan, suna gwabzawa a biranen da ba su da kasuwa, ba su da marina, ba wanda ke noma a cikinsu. Ana kashe mutum dubu a shafi ɗaya, zuciyata ba ta motsa ba, don ban san uwar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Roƙona ɗaya ne. Ku ɗauko tsofaffin labaranmu, na tatsuniya da na almara da na kunne-ya-girmi-kaka, ku sake rubuta su su zama cikakkun littattafai, da mutane masu jini a jika, irin waɗanda mai karatu zai kwana yana tunaninsu.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a adabinmu, da shi ma aka fara. A 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar ɗin nan da kowa ya sani: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma bai ɓoye ba cewa ya ɗebo daga littattafan Larabci, har da Muƙamatul Hariri da malamanmu ke karantarwa a zaure. Da ya zo Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku daga 1937 zuwa 1939, sai ya faɗaɗa hannu. Ya ɗauko daga Alfu Laila, ya ɗauko daga labaran Indiya da Farisa, ya ɗauko daga tatsuniyoyin Jamus. Amma ku karanta ku gani ko za ku ji warin baƙunta. Sarkin nan sarkinmu ne, da fadawansa masu kirari da waziri mai ƙulle-ƙulle. Alƙalin namu ne, ɓarawon namu ne, Bafillatanin da ya shigo kasuwa ma mun san shi. Har yau ban ga littafin Hausa da ya kai shi iya saƙa magana ba, kuma ina faɗin haka ne bayan na sake karanta shi da girmana, lokacin da ba malamin da zai tambaye ni a jarrabawa. Abin da ya sa ya daɗe shi ne Imam ya san yadda mutanensa ke magana, ya san abin da ke ba su dariya da abin da ke ba su kunya, sai ya zuba baƙon labari a cikin wannan sanin.

Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, ya fi burge ni a farkonsa, inda yake tsaye a kan ƙasar da muka sani, ga zuwan Turawa, ga dawaki, ga kirari. Da ya tafi duniyar aljannu sai na ji igiyar ta ɗan saki. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, shi ne ya fi zama mini a rai, kuma ba don Umar ɗin ba. Uwarsa ce. Matar da aka sace wa ɗa, ta bar gida ta bi sawunsa, ita ma aka kama ta aka sayar, ta ƙetare hamada cikin bauta, ta gan shi a ƙarshe, ba ta daɗe ba ta cika. Shafuka kaɗan aka ba ta, amma in aka ambaci littafin ita nake fara tunawa. Tun daga kanta na fara lura cewa a cikin kowane tsohon labari akwai wanda aka wuce shi da sauri, alhali shi ne ya fi ɗaukar nauyin abin da ya faru.

Kwanakin baya ɗiyar ƙanena, wadda ke karatu a jami'a, ta zo mini hutu. Dare ya yi, an ɗauke wuta, muna kwance a tsakar gida saboda zafi, ita tana ta latsa waya tana share hawaye da gefen mayafi. Na tambaye ta ko lafiya. Ashe littafin Turanci take karantawa, na wata marubuciyar Ingila, Pat Barker, wadda a 2018 ta ɗauko labarin yaƙin birnin Taroy da Homer ya waƙe kusan shekara dubu uku da suka wuce, ta sake ba da shi ta bakin wata baiwa da aka kamo a yaƙin. Yarinyar nan ta zauna ta lissafo mini jaruman Girka da iyayensu da abin da ya haɗa su faɗa, ba ta yi tuntuɓe ba. Na ji daɗin ƙwazonta. Sai na ɗauko mata labarin Kanta, gwarzon da ya kafa daular Kabi, na ba ta iya abin da na riƙe. Ta tashi zaune, ta ajiye wayar a kan tabarma, ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Gwaggo, to ina littahinshi in karanta?" Ku nake miƙa wa wannan tambayar, don ku ne masu amsarta.

Na karɓi irin waɗannan littattafan Turancin na duba, kuma ina da ra'ayi a kansu. Waɗanda suka yi kyau sun yi ne saboda marubutan sun san tsohon labarin ciki da bai kafin su taɓa shi, ba su canza abin da ya faru ba, sun canza wurin da mai kallo ke tsaye ne kawai. Waɗanda ba su yi ba kuwa, sun ɗauko 'yar Amurka ta yau da tunaninta da fushinta, sun sa mata tufafin mutanen da, sun ce ga sarauniya. Maƙwabtanmu ma sun riga mu. A 1938, daidai lokacin da Magana Jari Ce ke fitowa, D. O. Fagunwa ya fitar da littafinsa na Yarabanci a kan maharbi a dajin iskoki, wanda Wole Soyinka ya fassara daga baya. A 1960 Djibril Tamsir Niane ya rubuta labarin Sunjata na Mali kamar yadda ya ji daga bakin maroƙin gado, yau ana karanta shi a makarantun duniya. Ba su fi mu abin faɗa ba.

Ku ɗauki labarin Bayajida, wanda kowane ɗan firamare ya haddace a layi biyar: ya zo daga gabas, ya sauka Barno, ya gudo, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Mu tsaya a Daura kafin zuwansa. Gari ne da mata ke sarauta, kuma ba a samun ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wanda ya taɓa zama a Sakkwato a watan Afrilu, famfo ya ƙafe, mai ruwa bai biyo ta layin ba, ya san abin da wannan ke nufi. Kwana shida uwa na auna ruwan randa da ludayi. Ta hana yaro wanka, ta hana miji alwalar da ta wuce ƙima, ta tara ruwan wanke-wanke don akuya. Ranar Alhamis da dare ba mai barcin kirki, an jera tuluna tun daga bakin rijiya har ƙofar gari, ana faɗa a kan layi, wata ta zo da goyo, wata tsohuwa ba mai ɗaukar mata. A cikin wannan garin ne baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare ya ce a ba dokinsa ruwa. Me ta ji a ranta? Ruwan nan da ya rage mata a ƙasan randa na kwana nawa ne? Ga babin farko na littafi, kuma ko takobi ba a zare ba tukuna.

Sannan ga matan da labarin ya bari a hanya. 'Yar Mai na Barno da ta bar gidan ubanta ta bi miji, ya bar ta a Garun Gabas da tsohon ciki ya yi gaba, ta haifi Biram ita kaɗai a baƙon wuri. Ga Daurama da ta gaji sarauta daga iyayenta mata, a hannunta kuma sarautar ta koma ta maza. Da yardarta aka yi, ko dole ce ta sa? Ga Bagwariya, kuyangar da Daurama ta ba shi da hannunta, ta riga uwargijiyarta haihuwa, aka sa wa ɗanta Karɓagari, ita kuma Daurama ta haifi Bawo. Masu rubuta labarin kishi, ga kishin da aka ce ƙasashe goma sha huɗu sun fito daga cikinsa. Mu nan yamma abin ya shafe mu kai tsaye, don a wannan lissafin Kabi da Zamfara ta tsatson kuyangar aka jingina su. Gobirawa kuma suna da nasu labarin asali da ke kai su gabas, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri cewa ana danganta su da Kibɗawan Masar. Ashe ko a da ba baki ɗaya ke ba da labarin ba. Marubucin Gusau ko na Argungu yana da cikakken 'yancin ya ba da shi yadda ake ganinsa daga inda yake tsaye.

Kanta kuwa, wallahi ina jin ciwon yadda muka bar shi. Mutumin da a farkon ƙarni na 16 ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, aka saɓa a kan rabon ganima, ya ce ya fita daga biyayya, aka turo masa runduna ya kora ta. A lokacin Sanwai ce daular da ba a ja da ita a yammacin Afirka. Ya kafa Kabi tsakanin manyan dauloli biyu, Sanwai a yamma, Barno a gabas, kuma ba wadda ta haɗiye shi. Ya gina Surame da ganuwar dutse, kufanta na nan a ƙasar Binji cikin jihar nan tamu, ba a wata uwa duniya ba. Tsofaffi na ba da labarin yadda mayaƙan Barno suka kewaye birnin, mutanen ciki suka ƙare, sai ya sa aka jingina gawarwaki a kan ganuwa da bakuna a hannu, an tsaga musu baki kamar masu dariya, maharan suka hango suka karaya suka janye. Ƙarshensa kuma kibiya ce ta same shi a ƙasar Katsina yana dawowa daga yaƙi, aka ɗauko shi zuwa gida.

Abin da nake so a littafin Kanta ya wuce yawan waɗanda ya kashe. Ina so in san wanda ya ɗauko duwatsun ganuwar nan a ka, da yadda aka tara mutanen, da abin da suka ci. Ina so in ga matar da aka jingina gawar mijinta a kan ganuwa, tana kallo daga ƙasa, an hana ta kuka kada abokan gaba su ji. Ina so in ga masuntan Kabi da jiragensu da gorunansu a fadamar gulbi, in ji yadda mutum ke zama gwarzo ga mutanensa kuma ya zama abin tsoro gare su a lokaci guda. In aka rubuta shi waliyyi marar aibi, ba zan gaskata ba. In aka rubuta shi azzalumi kawai, an zalunce shi.

Tatsuniya ma tana nan jibge, kuma mu Sakkwatawa muna da haƙƙi na musamman a kanta. Littafin tatsuniyoyin Hausa mafi girma da aka tara a farkon zuwan Turawa shi ne na Frank Edgar, juzu'i uku, da aka buga a Belfast daga 1911 zuwa 1913. Tushensa takardun ajami ne da malamai suka rubuta, waɗanda Burdon, Razdan na Sakkwato, ya tara ya miƙa masa. Wato kakanninmu ne suka zauna da tawada da alƙalamin kara suka rubuta su, yau jikokinsu ba su san da zamansu ba. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tara wasu don 'yan makaranta, Allah ya saka masa. Amma tarawa daban, rayarwa daban. Ta-Kitse, yarinyar da aka yi da kitse, aka aurar da ita da sharaɗin kada ta shiga rana, kishiyoyi suka matsa sai ta fita aiki, ta narke. Wace mace ce aka kai gidan yawa da ba ta san wannan labarin a jikinta ba? Gizo da Ƙoƙi aure ne cikakke: miji mai wayon banza da haɗama, mata mai haƙuri da ta san halinsa sarai ta zauna. A ba Ƙoƙi baki ta faɗi dalilin zamanta mana. Dodon da ke tare ruwa sai an ba shi budurwa, wa ke zaɓen yarinyar, kuma 'yar wa ake zaɓa? Ba 'yar sarki ake fara kaiwa ba, kowa ya sani.

Na san abin da wasunku za su ce, don an faɗa mini a gida: labarin iskoki da dodanni da zamanin jahiliyya bai dace da garin Shehu ba. Ina girmama mai wannan damuwar, tsoron Allah ne ya kawo ta. Amma a zaurukan garin nan ne ake karantar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Larabawa na kafin Musulunci, malami na fassarawa baiti-baiti, almajirai na bi. Malam Abdullahi na Gwandu ya sha daga wannan rijiyar, duk wanda ya karanta waƙoƙinsa na Tazyinul Waraƙati zai ga alamarta. Muhammadu Bello ya rubuta labarin sarakunan da suka gabaci jihadi bai ce a shafe su ba. Ba da labarin abin da mutanen da suka yi imani da shi ba kira ba ne zuwa gare shi. Marubuci Musulmi na iya nuna Innar Gobir da 'yan borinta yadda suke, da girman da suke da shi a idon mutanensu, ba tare da ya yi musu sujada ba kuma ba tare da ya mai da su abin dariya ba.

Inda nake roƙon ku taka a hankali shi ne tarihin jihadi. Tatsuniya taku ce, ku juya ta yadda kuka so. Almara irin ta Bayajida ma tana da faɗi. Amma Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Bello da Nana Asma'u sun bar maganarsu a rubuce da hannunsu, zuriyarsu na raye, Hubbare na nan ana ziyara kullum. Kada wani ya ƙaga zance ya sa a bakinsu. Ba ma buƙatar hakan, don gefensu cike yake da mutanen da ba a rubuta ba. Tafiyar hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, wa ya ɗauki tukwane, wa ya goya yara, wa ya kora shanu? Bayan nasarar Tafkin Kwatto an sha wuya a Tsuntsuwa, an rasa mahaddata masu yawa, matansu fa? Ku ɗauki jaji guda daga cikin 'yan taru, dattijuwar ƙauye da Nana Asma'u ta naɗa wa malfa, ta taso da ayarin 'yan mata da tsofaffi da rani, a ƙasa, da ɗan abin sadakarsu a ka, su kwana a hanya, su iso birni su karɓi waƙa su haddace, su koma su koyar da matan da ba su iya fitowa. Ku ba ta suna, ku ba ta miji mai gardama da ɗiya mai rashin lafiya. Nana ta bayyana daga nesa, a shafi ɗaya ko biyu, tana faɗin abin da aka san ta faɗa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan nauyi. A 1808 Alkalawa ta faɗi, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. A cikin birnin akwai mata da yara da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Wasu an kawo su cikin gidajen jama'a, sun haifi 'ya'ya, jininsu na jikin da yawa daga cikinmu. Wasu sun bi mazansu gudun da ya ƙare a Tsibiri da Sabon Birni. Yau Bagobiri da Bafillace suna auratayya, suna sallah sahu ɗaya. Ina ganin mun kai girman da za mu iya karanta labarin Bagobirar da ta wayi gari a gidan wanda ya ci garinsu, a rubuta shi da adalci, ba don tada tsohon miki ba, ba kuma don a zagi kowa ba. Wanda zai taɓa wannan sai ya yi alwala da niyya mai kyau, amma a taɓa shi. Haka yaƙin Giginya da Turawa a 1903, da tafiyar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi, da talakawan da suka bar gonakinsu suka bi shi. Haka tawayen Satiru a 1906.

Wannan aikin ba ya yiwuwa daga kan katifa. Sai an tashi. Ga ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari, ga gidan tarihin Kanta a Argungu, ga malaman Hausa da na tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da suka ƙare rayuwarsu a kan waɗannan abubuwan, kundayen ɗalibansu na nan jere. Fiye da duka, ga tsofaffi. Maroƙan fada da 'yan ma'abba da tsofaffin masunta da maharba suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da ke cikinsa. Na san hanyoyin ƙauyuka da yawa ba sa biyuwa yanzu saboda rashin tsaro, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Sai dai wannan masifar ta koro tsofaffin da yawa cikin birni, suna zaune a gidajen 'yan'uwa ba mai tambayarsu komai. Ku je ku gaishe su, ku kai goro, ku zauna. Ku tambayi yadda ake ɗaura sirdi, da abin da ake sa wa doki na lifidi, da yadda ake jiƙa fata a majema, da abin da amarya ke ci a daren farko a zamanin kakarsu. Kada in ga agogo ko shayi a Surame. Kada kuma in ji Daurama na magana kamar mai jawabi a taron bita.

Sai harshe. Ku yi bayaninku da daidaitacciyar Hausa don na Kano da na Damagaram su bi ku, wannan daidai ne. Amma in Bakabe ya buɗe baki a cikin labari, a bar shi ya yi Kabanci. In tsohuwar Alkalawa za ta yi faɗa, ta ce munka da sunka, ta ce mi da awa, yadda kakanninmu ke yi. Da yawa daga cikinku kuna goge harshenku sarai kamar abin kunya ne. Narambaɗa bai goge nasa ba, Ɗankwairo da Ɗan'anace ba su goge ba, kuma ba inda ba a sauraronsu a ƙasar Hausa. Ku saurare su da kunnen mai koyon sana'a, ku ji yadda ake zuga gwarzo a baiti biyu har gashin jikin mutum ya tashi.

Mu masu karatu ma akwai namu laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba don ina roƙonku. Marubuciya ta kwana tana bugawa da babban yatsa, ta sa 'yan ɗaruruwan naira a kan littafinta, mutum ɗaya ya biya ya watsa wa ɗari a WhatsApp, wani ya ɗauka ya karanta a YouTube yana samun kuɗi ba da izininta ba. Wannan cin haƙƙi ne, Allah zai tambaya. Shi ne kuma ke tilasta muku sakin shafi kullum don kada a manta da ku, labari ya yi ta jan jiki har babi ɗari ba a san inda aka dosa ba. Littafin da nake roƙo ba zai jure wannan gaggawar ba. A gama shi tukuna, a ajiye ya huce, a ba wanda ya san tarihi ya duba, a ba wanda ya san ƙa'idar rubutu ya gyara, sannan a fitar. Ƙungiyoyinku na marubuta na iya ɗaukar nauyin wannan dubawar, su kuma nemi masu hali na jihohin nan uku su sa gasa ta musamman a kan sabunta tsofaffin labarai, da sharaɗin a buga wanda ya ci a takarda a kai makarantu. Gasa ce ta ba mu littattafai biyar ɗin farko, ba abin da zai hana wata ta ba mu na gaba.

Ni dai na yi alkawari, duk wanda ya fitar da irin wannan littafin zan saya da kuɗina, in saya wa ɗiyar ƙanena nata, ba zan tura wa kowa a waya ba. In kuma za ku bi son raina, ku fara da Kanta.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare ku da iyalanku.

Wassalam.

'Yar'uwarku mai karatu,
daga Sakkwato.